Biyar da Nema a Munich, da Maganar Dawo da Samanja

Minti 12 da take wasa Achraf Hakimi ya tura ƙwallo cikin ragar Inter Milan, ya ɗaga tafukansa sama yana neman afuwar magoya bayan tsohuwar ƙungiyarsa. Bayan minti takwas Désiré Doué, yaro ɗan shekara 19, ya ƙara ta biyu. Daga nan duk wanda ya san ƙwallo ya gane an gama. Doué ya sake ci bayan an dawo hutun rabin lokaci, Khvicha Kvaratskhelia ya zura ta huɗu, sannan Senny Mayulu, shi ma ɗan shekara 19, ya shigo daga benci ya rufe da ta biyar. Ranar 31 ga Mayu, 2025, a birnin Munich na Jamus, Paris Saint-Germain ta ɗauki Kofin Zakarun Turai karo na farko a tarihinta, da ci biyar da nema.

Tun da aka fara gasar a 1955 ba a taɓa ganin tazara irin wannan a wasan ƙarshe ba. Real Madrid ta doke Eintracht Frankfurt 7 da 3 a 1960. AC Milan ta yi wa Steaua Bucharest huɗu da nema a 1989, ta sake yi wa Barcelona ta Johan Cruyff haka a 1994. Duk tazarar ƙwallo huɗu ce. Inter ce ta fara shan ta biyar.

Wanda ya biya kuɗi ya shiga gidan kallo a Kano ko Maraɗi ko Zangon Kumasi a wannan dare yana da hakkin ya ji an rage masa wani abu. Mutum yana zuwa kallon wasan ƙarshe ne don zuciyarsa ta yi ta dukan uku-uku har alƙali ya hura usur, shi ya sa ake jure zafi da cunkoso da ƙarar janareta. Idan aka san mai nasara tun minti na 20, sauran minti 70 ɗin sai su koma jiran tashi. Amma akwai abin da irin wannan wasa ke yi wanda wasan da aka sha da ƙyar ba ya yi: ba ya barin mafakar uzuri. Babu alƙalin da za a ɗora wa laifi, babu fenaretin da za a kwana ana gardama a kai. Ya nuna ƙarara inda kowace ƙungiya take.

Inter ta je Munich da suna da tarihi da kwarjini. Makonni kaɗan kafin nan ta fitar da Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe da jimillar ci 7 da 6, a karawar da har yanzu ake labarinta, inda Francesco Acerbi, ɗan baya mai shekara 37, ya haura gaba ya farke ana dab da tashi. Mai tsaron raga Yann Sommer yana da shekara 36, haka ma Henrikh Mkhitaryan a tsakiya. Matsakaicin shekarun waɗanda suka fara wasan ya haura 30, na PSG kuwa kusan 25 ne. Adalci ne a faɗi cewa Inter ba ta zaɓi tsufa don sha'awa ba. Aljihunta ne ya yi rauni, har masu ƙungiyar 'yan China suka kasa biyan bashi, kamfanin Oaktree na Amurka ya karɓe ta a 2024. Su Marcus Thuram da Hakan Çalhanoğlu da Mkhitaryan duk kyauta aka ɗauko su bayan yarjejeniyarsu ta ƙare a wasu wurare. Kocinta Simone Inzaghi ya yi abin a yaba da abin da ke hannunsa, ya kai su wasan ƙarshe sau biyu cikin shekara uku. Sai dai salon nasa kowa ya haddace shi: 'yan baya uku, biyar a tsakiya, biyu a gaba, a jure hari a jira dama. Da aka haɗu da yaran da ba sa gajiya da gudu, ƙafafu suka kasa cika abin da kai ya tsara.

Labarin PSG ya fi ban sha'awa. Tun da 'yan Qatar suka saye ta a 2011 take neman wannan kofi ta hanyar tara manyan sunaye. Ta biya Yuro miliyan 222 kan Neymar a 2017, kuɗin da har yau ba a biya irinsa kan wani ɗan wasa ba. Ta kawo Kylian Mbappé, ta kawo Lionel Messi a 2021. Abin da ta fi samu shi ne wasan ƙarshe na 2020 a Lisbon, inda Bayern Munich ta doke ta ɗaya da nema, kuma Kingsley Coman, yaron da ya tashi a makarantar horonta, shi ya ci ƙwallon. Messi da Neymar suka tafi a 2023, Mbappé ya bi su a 2024. Kakar farko da babu ko ɗaya daga cikinsu ita ce kakar da kofin ya zo.

Kada a ɗauka talauci ne ya yi nasara a kan dukiya, domin PSG ta ci gaba da kashe maƙudan kuɗi a kan su João Neves da Willian Pacho da Doué da Kvaratskhelia. Abin da ya sauya shi ne tunani. Koci Luis Enrique ya ce kowa zai yi gudu, kowa zai tare, har Ousmane Dembélé, wanda ya tsaya a bakin da'irar Inter yana jiran Sommer ya taɓa ƙwallo ya afka masa. Riga ɗaya, suna ɗaya, kyaftin Marquinhos yana nan tun 2013, amma wasan sabo ne fil.

Wannan batu ya wuce filin ƙwallo, kuma a Amurka an taɓa ganin ɓangarorinsa biyu a allo ɗaya cikin dare ɗaya. Ranar 2 ga Fabrairu, 2014, aka buga Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka wadda galibi da hannu ake yin ta. Denver Broncos ta zo da Peyton Manning, gwarzo ɗan shekara 37 da ya kafa tarihin cin maki a wannan kakar. Seattle Seahawks ta zo da matasa. Daƙiƙa 12 da farawa Denver ta yi kuskuren da ya ba abokan karawarta maki biyu, aka tafi hutu 22 da nema, aka tashi 43 da 8. Sama da mutum miliyan 111 ne suka kalla a tashar Fox. A tsakanin tallace-tallacen wannan dare tashar ta nuna abin da ya fi wasan tayar wa wasu tsikar jiki: Jack Bauer zai dawo.

Ba sai an gabatar da Jack Bauer ga mai kallo a ƙasar Hausa ba. Shirin 24, wanda Kiefer Sutherland ya ja daga 2001 zuwa 2010, ya shiga gidaje da shagunan haya ta faifan DVD, ya hana matasa da magidanta barci. Dabararsa ita ce agogo: kowane zango kwana ɗaya ne, kowace fitowa awa ɗaya, lokaci yana tafiya a labarin daidai da yadda yake tafiya a ɗakin mai kallo. Kuma marubutan ba sa jin tausayin kowa. A ƙarshen zangon farko suka kashe matar jarumin, a farkon na biyar suka kashe tsohon shugaban ƙasa David Palmer, wanda masu kallo ke matuƙar ƙauna. Mutum ba ya iya rantsuwa cewa wani zai kai gobe, shi ya sa in ya sa faifai ba ya iya cirewa.

Da shirin ya dawo a watan Mayun 2014 da fitowa 12, an kai labarin Landan, an sa jirage marasa matuƙi a ciki. Aikin ya yi kyau, ba a ce bai yi ba. Amma wanda ya kalli zango takwas na baya ya san hanyar tun kafin a bi ta: akwai maci amana a cikin hukuma, za a ƙi yarda da Jack, zai karya doka, daga baya a gane shi ne mai gaskiya. Daɗin da aka ji na sake ganin tsohon aboki ne. Fargabar da ta gina shirin tun asali ta ragu ƙwarai.

Kamfanonin talabijin suna yin haka ne don lissafi. Sabon labari caca ne, tsohon suna kuwa yana zuwa da jama'arsa, ba sai an kashe kuɗin gabatar da shi ba. Fox ta maimaita dabarar a Janairun 2016, lokacin da ta dawo da The X-Files bayan shekara 14 da rufe shi, ta sa fitowar farko kai tsaye bayan wasan ƙwallon Amurka da Carolina ta lallasa Arizona 49 da 15. Sama da mutum miliyan 16 suka tsaya suka kalla a wannan dare. Kafin a kai fitowa ta shida adadin ya koma ƙasa da miliyan 8. Suna ya kawo mutane bakin ƙofa, bai iya zaunar da su ba.

Na Prison Break ya fi ciwo. An rufe labarin a 2009 da mutuwar Michael Scofield, an nuna kabarinsa, masu kallo sun yi jimami sun haƙura. A 2017 aka ce ashe bai mutu ba, yana wani kurkuku a Yemen, aka yi fitowa tara. Duk shirin da ya tashi matacce saboda kasuwa ya gaya wa mai kallo cewa hawayen da ya zubar a baya na banza ne, kuma nan gaba kada ya ji tsoron komai. Wannan babban rashin kyautawa ne ga mutanen da suka ba labari zuciyarsu shekara huɗu.

To sai wani ya ce maganin shi ne a kawo sababbin fuskoki. Ai an gwada. A 2017 aka fito da 24: Legacy da matashin jarumi Corey Hawkins a madadin Sutherland, aka sa fitowar farko bayan Super Bowl, sama da mutum miliyan 17 suka kalla. Zango ɗaya aka yi aka soke shi. An sauya mutum an bar tsarin yadda yake, agogo ɗaya, maci amana ɗaya, makirci ɗaya, kuma jarumin ba wanda mutane suka saba da shi ba ne balle su yi haƙuri saboda shi. Da PSG ta sallami Mbappé ta sayo wani matashi ta ce kowa ya riƙa yi masa hidima kamar da, da abin da ya same ta ke nan. Wanda ya dace a duba shi ne Doctor Who na BBC, da aka fara a 1963 aka dakatar a 1989. Da Russell T Davies ya dawo da shi a 2005 ya riƙe ruhin shirin, ya sauya saurin labarin da tsawon fitowa da irin mutanen da ke ciki, ya rubuta shi don yaran da ba su taɓa jin sunansa ba. Ya sake rayuwa shekaru masu yawa.

A nan gida ma maganar tana nan da ranta. The Village Headmaster, wanda Olusegun Olusola ya ƙirƙiro, ya yi shekara 20 ana nuna shi daga 1968 zuwa 1988, kuma NTA ta haɗa hannu da kamfanin Wale Adenuga suka dawo da shi a 2022 da wasu daga cikin tsofaffin 'yan wasan. A Arewa kuwa, duk lokacin da aka yi rashin wani dattijon wasan kwaikwayo sai kira ya tashi: a dawo mana da Samanja, a dawo da Karkuzu, a dawo da Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta yi a shekarun 1980 daga littafin Abubakar Imam, a dawo da Kuliya Manta Sabo. Masu kiran suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma kiran nasu daga zuciya yake fitowa. Sun tuna lokacin da unguwa guda ke taruwa a gidan mai talabijin ɗaya, yara a ƙasa, manya a kujera, kuma babu abin da zai fito a allo wanda uba zai ji kunyar gani tare da 'yarsa.

Wannan kewa abin girmamawa ce. Amma dole a faɗi gaskiya mai ɗaci: waɗancan shirye-shirye mutane ne suka riƙe su, kuma da yawa daga cikin mutanen sun riga mu gidan gaskiya. Kasimu Yero ya rasu a 2017. Sadiq Daba, Bitrus na Cockcrow at Dawn, ya rasu a 2021. Usman Baba Pategi, Samanja da kansa, ya rasu a Nuwambar 2023. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu wanda zai sa kakin Samanja ya yi tsawarsa ba tare da an ce kwaikwayo yake yi ba, domin Pategi soja ne na gaske, Hausar bariki da yake haɗawa da Turanci ba a takarda ya koye ta ba. Duk matashin da aka ɗora wa wannan kaya an zalunce shi tun kafin ya buɗe baki.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya sa Samanja ya karɓu. Ya fito ne bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar sojan Nijeriya ta kumbura ta kai kusan mutum 250,000, barikoki suka kasa ɗaukar su, soja ya zama maƙwabcin farar hula a gidan haya da kasuwa da tasha. Mutane suna tsoronsa, ba su san yadda yake rayuwa ba. Shirin ya buɗe ƙofar bariki, ya nuna soja yana rigima da iyalinsa, yana tsoron na gaba da shi, yana kuskure ana dariya. Ya yi magana a kan abin da ke damun jama'a a ranar da suke kallo. Haka Cockcrow at Dawn, da aka yi a Jos a farkon shekarun 1980 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ke kiran a koma gona: iyali ne suka bar birni suka rungumi noma, da wahalarsa da ribarsa.

Yau wa zai ce babu labarin bariki? Tun 2009 sojoji ke fafatawa da Boko Haram a Arewa maso Gabas. Suna dazukan Zamfara da Katsina. Akwai matan da ke jiran waya daga bakin daga, akwai zawarawan da aka ce su tashi daga gidan bariki, akwai tsofaffin sojoji masu bin hakkinsu na fansho, akwai direba da soja da ke haɗuwa kullum a shingen bincike kowa da abin da ke ransa. Shirin da zai shiga wannan duniya da gaskiya da raha da tausayi, shi ne magajin Samanja, ko ya ɗauki sunan ko bai ɗauka ba. Haka manomin da ya ga damina ta faɗi amma ba ya iya zuwa gonarsa don tsoron 'yan bindiga, ko wanda kuɗin buhun taki ya gagare shi, yana jiran wanda zai ba da labarinsa. Ɗumame abinci ne mai daɗi, kowa ya sani, amma da sabuwar miya yake shiga.

Kuma akwai shaidar cewa masu kallon Hausa ba sa gudun sabon abu. Daɗin Kowa, da Arewa24 ta fara a 2015, ya kawo 'yan gudun hijira da almajirai da masu shaye-shaye cikin gari ɗaya, da 'yan wasan da yawancinsu ba a san su ba a lokacin, ya zama abin hira a kowane gida. Kwana Casa'in ya ƙirƙiri jihar Alfawa ya tona yadda ake siyasa da aikin jarida. Labarina na Aminu Saira ya yi abin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne: bayan an saba da Sumayya da Mahmud, ya rufe labarinsu ya buɗe wani sabo da wasu mutane a ƙarƙashin suna ɗaya, jama'a kuma suka bi shi. Saira ya gane cewa amanar da ke tsakaninsa da mai kallo ita ce ya ba shi labarin da bai san ƙarshensa ba.

Akwai wani aiki da ya fi farfaɗowa gaggawa, kuma shi ne ya fi cancantar kuɗin gwamnati. Matashin da ke son ganin Samanja ko Karambana a yau, abin da zai samu a YouTube gutsattsari ne masu dishi-dishi da wani ya kwafa daga tsohon kaset. Kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, kuma injinan da ke karanta irin na wancan zamani suna ƙarewa a duniya. BBC da duk ƙarfinta ta goge kaset ɗin Doctor Who na farko-farko don ta sake amfani da su, har yau fitowa fiye da 90 ba a gan su ba, ana bin ƙasashen da aka taɓa sayar wa shirin ana nema. A 2013 an gano tara daga cikinsu a wata tashar talabijin da ke Jos. Abin takaici ne a ce wani ya taso daga Ingila ya tono tarihinsa a ɗakin ajiyarmu, namu kuma yana kwance a irin wannan ɗaki babu mai tambaya.

NTA Kaduna da NTA Kano da NTA Jos da ARTV da gidan talabijin na Filato, kowanne ya kamata ya buɗe ɗakin ajiyarsa, a ƙirga abin da ya rage, a rubuta sunan kowane shiri da shekararsa da 'yan wasansa, a mayar da shi kwamfuta kafin ya lalace. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sassan koyar da wasan kwaikwayo da aikin jarida, da ɗaliban da za su yi wannan aiki da murna. A zauna da daraktoci da masu ɗaukar hoto da 'yan wasan da suka rage a naɗi bayaninsu. Idan aka sake nuna shirye-shiryen ko aka ɗora su a intanet, a ware wa iyalan mamatan kasonsu, domin da yawa daga cikin waɗannan dattawa sun ƙare rayuwarsu cikin rashin lafiya da ƙunci, sai da aka yi ta neman taimako a kafafen yaɗa labarai kafin a kai wasunsu asibiti. Bayan nan sai a ba matasan marubuta na Kano da Kaduna da Jos da Damagaram dama su zauna su kalli abin da iyayensu suka yi, a ba su kuɗin aiki da 'yancin rubuta nasu.